Ɗinkin da Na Yi wa Tamfol

Ɗigon ruwa ne mafarin abin. Kwanon rufin ɗakina yana da wata 'yar huda, wurin da tsohuwar ƙusa ta fita, ban ma san da ita ba sai ranar da ruwan farko ya sauka a wannan shekarar. Na ɗauko ƙaramar tasa na tara, na koma kan tabarma ina tsintar shinkafa. Ɗis. Can kuma ɗis. Kafin in gama tsintar mudu guda har ruwa ya rufe gindin tasar. Sai na ce a raina, in hudar da ba ta kai ƙwayar dawa ba ta tara wannan ruwa, to ina ga yagar da na gani ɗazu a jikin motar maigidana?

Ranar Juma'a ce. Maigidana direban tirela ne, a lokacin yana cikin shekararsa ta takwas yana jan motar wani Alhaji mutumin Anka. Irin tirelar nan ce mai tamfol. Ƙarafa ne aka kafa kamar rumfa, aka jera katakai a gefe, sannan aka lulluɓe da tamfol guda tun daga kai har baya. A gindin tamfol ɗin akwai ƙananan zobba a jere. In an gama lodi sai a zura wata doguwar waya ta bi ta cikinsu ta zagaye motar kaf, a haɗa bakinta biyu a baya, a datse da hatimin dalma mai lamba, a rubuta lambar a takarda. Daga nan babu mai buɗewa sai an isa inda za a. Yakan yi lodi a Kano ya kai Yamai, wani lokaci Wagadugu, wani lokaci ya gangara Kwatano in yi sati uku ban sa shi a ido ba. Sa'armu ɗaya, in zai fita ta bodar Kamba ta garinmu Gummi yake bi, don haka yakan kwana ɗaya a gida.

Har yau ina kewar waɗannan shekaru. Hanya a buɗe take, mutum ya taso daga Anka bayan la'asar sakaliya babu abin da yake tsoro sai ramuka. Yana shigowa gari yakan danna oda sau biyu gajeru, sau ɗaya dogo, 'yarmu mai shekara shida ta watsar da ko me ke hannunta ta ruga zaure ba takalmi. In daga waje ya dawo, akwai dogon burodin nan mai tauri da ake saya a Dosso, da cuku, da garin rogo mai tsami. Kayansa duk warin gas da ƙura, sai na yi musu sabulu uku. Tafukan hannunsa kuwa kamar bayan kada, duk wayar nan ce ta ci su. Ya sha ba ni labarin yadda suke fama da tamfol ranar iska, maza shida suna ja yana kumbura kamar zai tashi da su sama, da yadda cikin motar yake zama kamar tanda da bazara. Abin da bai taɓa gaya mini ba shi ne dokar da ke kan tamfol ɗin. Ban tambaya ba, shi ma bai ga dalilin faɗa ba.

A wannan Juma'ar ya iso da hantsi, ya ajiye motar a kangon bayan gidanmu, dab da katanga. Katangar gajera ce, daga tsakar gida ina ganin rabin motar na sama. Ina shanya sai idona ya kai kan wata yaga a gefen tamfol, ta kai taƙi biyu, bakinta a wangale.

Na ce, “Malam, mi yas samu tamfol?”

Ya ce, “Reshen gawo na, can wajen mararrabar Bukkuyum. Na kauce ma shanu.”

“Mi kaɗ ɗauko?”

“Dilolin yadi. Bar shi, in na kai boda a gyara.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni kuma na ɗauka yana nufin ba shi da lokaci yanzu. Ya dawo daga masallaci, ya ci tuwo, ya kwanta, kwana biyu ke nan bai yi barcin kirki ba. Yana kwanciya hadari ya haɗo.

Ubana, Allah ya jiƙansa, ɗinkin buhu ne sana'arsa a kasuwar shinkafa ta Gummi. Na iya riƙe basilla tun kafin in shiga firamare, har maigidana yakan tsokane ni da ɗiyar mai basilla. Akwai wani ɗinki da Baba ya koya mini na haɗa baki da baki, wanda zaren yake shigewa ciki, in an gama sai ka shafa da hannu kafin ka san an yi. Shi ne abin alfaharinsa. Yakan ce ɗinkin da ya nuna kansa na malalaci ne.

Ruwa yana tsagaitawa na tashi. Na ɗauko basilla, da zaren taru da nake saya wurin masunta, shuɗi ne mai ƙarfi kamar jijiya. Na mirgino ganga jikin katanga na hau. Unguwa tsit, kowa yana ɗaka. Na leƙa ta yagar, na ga ledar da aka naɗe dilolin ta jiƙe amma ruwa bai ratsa ba tukuna, na yi hamdala. Na yi bismilla na fara. Tamfol ba buhu ba ne, sai da na naɗe tafin hannuna da tsumma ina tura basillar da ƙarfi, duk da haka ta huda ni sau biyu. Na fi awa ɗaya a kan gangar nan. Da na gama na goga kakin zuma a kan layin don kada ruwa ya bi zaren. Sai na ga wurin yana ƙyalli, ya fita daban, na ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa na murza har ya zama kalar sauran tamfol ɗin. Na sauko na ja da baya na duba. Wallahi ni da na yi sai da na neme shi.

Ban gaya masa ba. So nake ya gani a hanya ya yi murmushi shi kaɗai, ya san akwai mai tunaninsa. Da ya yi sallar asuba na miƙa masa kwanon dambu da soyayyen kifi, na yi masa addu'ar da na saba, ya tafi.

Kwana biyu bayan nan ya kira ni a waya. Muryarsa a ƙasa. Ya ce an tsare mota a boda, in yi ta addu'a. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau, bincike ne. Sai da ya yi kwana tara. Ranar da ya dawo babu oda, babu burodi. Sallamarsa kawai na ji a zaure, ya shigo da jakarsa a kafaɗa, motar haya ce ta sauke shi a tasha. Na ce ina mota? Ya ce Alhaji ya karɓi makulli, ya ce ya ɗan huta. Ya nemi ruwan wanka. Ban ƙara tambaya ba, don na ga fuskarsa.

Maƙwabciyata ce ta kwance mini ƙullin. Mijinta ma direba ne, na tankar mai. Ta shigo aron rariya, ta ƙi tafiya, tana ta kame-kame.

Can ta ce, “Ke, Allah dai shi kyauta. Ni ban yarda ba hwa, na ce ma nawa mijin, mutumin nan ko allura aka ba shi amana sai ya maido ta.”

Na ce, “Mi aka cewa?”

Ta ce, “Ashe ba ki sani ba? Cewa aka yi ya tsaga tamfol da hatimi bisa, ya ɗunke. Ɗunkin ɓarayi, irin wanda ba a gani. Wani tsohon ma'aikaci na yag gano, da tahin hannu yash shafo shi.”

Ta ci gaba da bayani kamar mai karanta mini hukunci. Wai tamfol mai hatimi in ya yage a hanya ba a taɓa shi. Direba zai kai shi haka nan ya nuna wa ma'aikata, a rubuta a takarda, sannan masu gyara su sa faci da keken ɗinki a gaban kowa, da zare mai wata kala daban, yadda ko daga nesa za a ga an gyara. Gyaran mai gaskiya a fili yake. Mai ɓoye ɗinki shi ne wanda ya tsaga ya ciri wani abu, ko ya cusa wani abu. Shi ya sa aka sauke kayan kaf, dila ɗaya ɗaya, aka buɗe aka duba. Ba a sami ragi ba, ba a sami ƙari ba, aka sake su. Amma mai kaya ya ce ba a ƙara ba wannan direba kayansa, Alhaji kuma ya tambaye shi wa ya yi ɗinkin, maigidana ya ce shi dai bai ɗauki komai ba. Alhaji ya maimaita tambaya, shi kuma ya maimaita amsa.

Ta ce, “Kin san direban da aka zarga da tamfol ya gama. Wa za ya ba shi kaya mai hatimi? Sai dai yashi da bulo.”

Ban san lokacin da ta ɗauki rariyar ta fita ba. Na zauna bakin murhu har wuta ta mutu.

Ina so in rubuta cewa nan take na tashi na same shi na faɗa. Ba haka aka yi ba. Kwana goma sha ɗaya na yi da maganar a ciki. In na yi sujada sai in ce yau zan faɗa, in na sallame sai tsoro ya dawo. Ba duka nake tsoro ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoron nake ya dube ni ya ga wadda ta zubar masa da sunan da ya yi shekara takwas yana tarawa. Ina ganinsa ya daina zama majalisar direbobi a bakin tasha. Daga gida sai masallaci. Da hantsi yakan ɗauki 'yarmu a kafaɗa su gangara fadama su ga masu dashen shinkafa, su biya bakin gulbi ta ga jirage, su dawo da ƙafafu duk laka. Ya sassaƙa mata mota da karan dawa, ya yi mata tayoyi da murafun kwalba. Da yamma yana biya mata karatu a allo. Ita kam ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba, har ƙiba ta yi.

Ranar da na faɗa, bayan azahar ne, yana zaune yana gyaran tsohuwar rediyonsa. Na ɗauko basillar na ajiye a gabansa kan tabarma, na durƙusa. Na ce, “Malam, ni ta. Ni niy yi ɗunkin.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na sani.”

Na ce, “Ka sani?”

“Tun Jega, da gari yay yi haske nit tsaya in duba taya. Na nemi yaga ban gani ba. Da nish shafa nij ji ƙullin ƙarshe, na ce wanga na Baba na. Wa ka ƙulli haka duk ƙasag ga in ba ɗiyar mai basilla ba?”

Na ce, “To don mi ba ka warware ba?”

Ya ce, “In sa wuƙa ga tamfol mai hatimi da hannuna, bakin titi, mutane na kallo? Ga ruwa na zuba. Na ce bari in tahi, wataƙila ba a gani. Nan ni ma niy yi kuskure, da na isa na nuna da kaina.” Ya ɗan yi dariya, ta farko tun dawowarsa. “Amma kin iya, wallahi. Matasan ma'aikata ukku sun wuce shi. Sai da tsohon nan ya zo.”

Ina kuka na ce don me bai gaya wa Alhaji ba. Sai ya ajiye rediyon.

Ya ce, “In tsaya tsakar gareji, gaban makanikai da 'yan kamasho, in ce matata ta hau katanga ta ɗunke min mota? Gobe sunanki na bakin kowa daga nan har Kamba. A ce min ɓarawo ya hi min sauƙi. Allah ya san gaskiya.”

Na ce Allah ya sani, amma Alhaji bai sani ba, kuma ni zan tsaya gaban Allah da wannan, ba shi ba. Na roƙe shi ya bar ni in je. Ya ce a'a. Kashegari na sake roƙo, ya ce a'a. Na daina magana, sai dai duk in na kawo masa abinci na durƙusa ba na tashi sai ya ce mene ne, in ce maganar nan ce. A rana ta huɗu ya ce, “Ke kam da naci kamar ƙudan damina. Tahi, amma ta cikin gida. Hajiya za ki gani, ba gareji ba.”

Na shirya da safe, na ɗauki 'yarmu muka hau motar Anka. A jakata akwai basilla, da ragowar zaren tarun, da kakin zuma, da wani yankin tsohon tamfol da muke rufe itace da shi. Hajiya, uwargidan Alhaji, dattijuwa ce mai jiki, na same ta tana ba tumaki dusa. Muka gaisa, na faɗi ko ni matar wace ce, fuskarta ta ɗan canza. Na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Ɗiyata, kowace mace tana iya zuwa ta ce ita ta, don ta hidda mijinta.”

Na ce, “Gaskiya ta, Hajiya. A ba ni wuƙa.”

Na tsaga yankin tamfol ɗin taƙi biyu a gabanta, na zauna a ƙasa na naɗe hannu da tsumma na fara. Matan gidan suka taru a kaina. Wata tana cewa kai, wata tana cewa ku dubi ikon Allah. Da na gama na goga kaki, na murza ƙasa, na miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya, ta kai shi dab da ido, ta ce a kira mata Alhaji.

Ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofar turaka, na ja mayafi na sunkuyar da kai. Hajiya ta miƙa masa ta ce ya nemo inda aka tsaga. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya aika gareji aka yanko masa wurin da na ɗinke a motar, don ashe ya sa an ajiye tamfol ɗin a gefe, an sa wa motar sabo. Ya haɗa biyun a tafin hannunsa yana duba ƙullin ƙarshe. Ni dai ina ta salati a zuci.

Ya ce, “La'ilaha illallahu. Wato wanga bawan Allah ya gwammace in kore shi da ya ce matatai ta?”

Hajiya ta ce, “Kai da ka hwaɗi tun kahin a tambaye ka.”

Matan suka kwashe da dariya. Alhaji ya ce, “Ke dai ba ki rabo da tsiya.” Sannan ya juyo wajena. “Ɗiyata, kin ja min asarar kwana tara da abokin ciniki guda. Da mugunta kinka yi da na san abin da za ni yi. To ƙaƙa za ni yi da mai alheri?” Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi, ko rigar direbansa ce ta yage in kai wa tela. Ya ce in gaya masa ya zo jibi ya ɗauki makulli, akwai lodin Wagadugu. Maganar gareji kuma shi zai yi ta da bakinsa, zai ce ya gano wanda ya yi ɗinkin, mutumin gida ne, da kyakkyawar niyya, kuma duk wanda ya nemi ƙarin bayani ya zo ya tambaye shi.

Hajiya ta cika mana leda da gyaɗa da ƙuli, ta rako mu har zaure. A mota ina ta share hawaye ina murmushi, har wata tsohuwa da ke gefena ta ce biki ko mutuwa. Na ce biki ne, Inna.

Da na isa gida na gaya wa maigidana. Ya tashi ya yi alwala ya yi raka'a biyu, sannan ya ce in duba masa jakarsa ko ɓera bai ci ba. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yana jan motar nan kafin ciwon baya da lalacewar hanya su zaunar da shi. Mai kayan nan bai ƙara ba shi lodi ba har ya bar tuƙi, amma wasu sun ba shi, da hatiminsu.

Ranar da zai koma aiki, ya yi wanka ya sa kaftaninsa mai ruwan ƙasa, ya rataya jaka. Na ga tafiyarsa ta dawo yadda na santa. Ya ɗaga 'yarmu sama ya ce me za a sayo mata, ta kau da kai. Ya sauke ta ya fita. Na tsaya a zaure ina jin takunsa har ya sha kwana, raina fes kamar an sauke mini dutse.

Da na juyo na sami 'yarmu zaune a gindin turmi, ta haɗa kai da gwiwa. Na ce ta taso mu karya, na dama mata kunu da sukari da yawa. Ta ɗago ta dube ni, idanunta jajir.

Ta ce, “Inna, da kin yi shiru ba ki hwaɗi ba, da Baba na nan gida tare da mu.”